Gyauron Dawa Ya Kashe Mini Sa

Lokacin da ruwan madatsar Tiga ya fara shigowa gonakinmu na wajen Bunkure, ni matashi ne mai rawar kai, ban daɗe da aure ba. Na ga maƙwabcina ya turke sa wata huɗu ya sayar, har ya yi wa ɗakinsa rufin kwano. Sai na dami Inna, mahaifiyata, da maganar riba, har ta sayar da tumakin da take tarawa don zuwa Makka ta ba ni. Na sayo wani jan sa ramamme, na yi mata alkawarin da kuɗinsa za ta hau jirgi. Dusa, harawa, kanwa, ba abin da na rage masa. Ya murje, tozonsa har rawa yake.

Saura kwanaki in kai shi kasuwa harawa ta ƙare. A gefen gonata kuwa ruwan rani ya jiƙa tushiyoyin dawar da muka girbe, suka sake tofowa kore shar. A da ina muka taɓa ganin haka da rani? Na yanko dami guda ina murna na samu na banza. Inna ta hango ni daga bakin murhu, ta tambaye ni wace ciyawa ce wannan. Don gaggawa na ce mata ta bakin ruwa ce, na wuce na zuba wa san.

Ban gama alwalar azahar ba na ji matata ta kwarma ihu. Wallahi abin da na gani har yau yana dawo mini: san nan yana tangaɗi, kumfa na zuba daga bakinsa, jikinsa na karkarwa. Na ruga neman wuƙa in yanka ko nama a samu. Kafin in dawo ya miƙe ƙafa, ya zama mushe. Inna ta ɗauki ganye ɗaya ta duba, ta ce ai gyauro ne, ko yaron Fulani ya san yana kashe dabba, da na faɗa mata gaskiya da ta hana ni. Daga nan ba ta ƙara tayar da zancen ba, kuma shirun nan ya fi mini duka ciwo.

Turka akwai riba, ban musa ba. Amma don Allah masu shiga sana'ar, kada ku zuba wa dabba abin da ba ku san sunansa ba, kuma in babba ya tambaye ku, ku tsaya ku amsa. Inna ta rasu bayan shekara biyu, ba ta ga Ka'aba ba.