Ranar da Elk Ya Amsa Mini

Jama'a, abin da zan ba ku ba labarin wani ba ne, ni ya faru da ni, wallahi tallahi, shekaru kaɗan da suka wuce lokacin ina zaune a Woodbridge, kullum ina bin jirgin ƙasa zuwa wurin aikina a Washington.

Maƙwabcina a lokacin wani dattijo ne mutumin Nijar, Alhaji Isufu, direban babbar mota, wanda ya keta ƙasar nan gabas da yamma. Shi ya fara gaya mini akwai wata dabba a duwatsun Colorado da ake ce wa elk, kamar barewa amma ta kusa kai doki, namijin da ƙaho reshe-reshe kamar busasshiyar bishiya. Sau ɗaya ya taɓa ganin garkensu a bakin hanya, tun daga ranar abin ya shiga ransa, don mahaifinsa maharbi ne. Ya ce, "Ƙanena, ni da kai za mu tafi." Ni da ko kaza matata ke tuna mini in yanka! Amma mutumin yana da wata irin magana mai taushi da ba ka iya ce mata a'a.

Shekara guda cur muna shiri. Ya sa ni na shiga ajin koyon dokokin farauta na karɓi takarda, muka cika takardar neman lasisi, duk Asabar muna filin koyon harbi har kafaɗata ta daina tsoron bindiga. Ya ce in sayi takalmin hawan dutse da wuri in yi ta yawo da shi, don sabon takalmi a kan dutse shi ke mayar da namiji gida. Ya cusa mini buhun shinkafa a jakar goyo, muna hawa da sauka a wani daji kudu da garinmu, yana gaba ina baya ina haki, yana dariya yana cewa naman ma a baya za mu ɗauko shi, ba kamiyo a can, wato babbar mota. Ya koya mini barbaɗa toka in ga inda iska ta nufa, don dabbar hancinta ya fi idonta. Sai kuma wata 'yar roba da ake sawa a baki ana busawa ta cikin bututu, tana fitar da kukan namijin elk. Ni in na busa, sai ka ce an taka wutsiyar mage.

To, ana saura wata biyu tafiya ciwo ya kama Alhaji. Ciwon daji ne, kuma ya riga ya yi nisa. Aka kwantar da shi a wani asibiti a Alexandria, Hajiya matarsa tana jinya. Na ce shi ke nan na fasa, ya riƙe hannuna, hannun nan da ya zama kamar kara, ya ce in na fasa bai yafe ba, in ci gaba da hawa, in riƙa zuwa ina ba shi labari.

Wata Lahadi da hantsi, rana tar, na shiga dajin ni kaɗai da buhuna, ba bindiga ba komai. Na kai wani kwari mai ɗan rafi inda muke hutawa, kewarsa ta taso mini, sai na ciro bututun na busa, haka kawai.

Aka amsa.

Innalillahi! Wani dogon kuka ne, ya fara da kauri ya ƙare da siriri kamar sarewa, daga tsallaken rafin. Ku sani, wannan daji ƙananan bareyi ne kawai a cikinsa, elk mafi kusa sai ka yi tafiyar yini a mota. Ina tsaye, sai ga shi ya fito daga cikin itatuwa, ƙato, wuyansa baƙi-baƙi, ƙahon nan yana goge ganye. Warinsa ya iso ni, irin na bunsuru haɗe da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ya tako har bakin ruwan ya tsaya yana kallona, ba kallon dabba mai shirin gudu ba, kallo ne a natse, kamar na wanda ya daɗe bai gan ka ba. Tsoron ya sake ni. Ban san lokacin da hawaye ya fara zubo mini ba. Mun jima a haka, sannan ya kaɗa kai, ya juya a hankali ya shige.

Ko gida ban biya ba, na kama hanyar asibiti. Na tarar da shi a kishingiɗe, fuskarsa fes, rabon da in gan shi haka an daɗe. Na gaishe da Hajiya, na buɗe baki zan fara, sai ya riga ni.

"Bon," ya ce da Faransancinsu na Nijar, "busar ta yi kyau yau. Amma ka tsaya iska tana bayanka, tun daga nesa an ji ka. Kuma igiyar takalminka na hagu a kwance take."

Na duba ƙafata. A kwance take, wallahi.

Na ce, "Alhaji, wa ya gaya maka?"

Ya yi murmushi ya ce, "Mi ya sa ka kuka? Ai lafiya lau nike can. Ƙafafuna ba su ciwo."

Hajiya ta ce tun safe barci yake, ko wayarsa bai taɓa ba. Na so in ƙara tambaya, ya lumshe ido yana riƙe da yatsuna, na zauna tare da shi har la'asar.

Kwana tara bayan nan Allah Ya karɓi abinsa. Na koma kwarin na duba, ban ga sawu ko ɗaya ba. Na tambayi wani ma'aikacin dajin, ya yi dariya ya ce barewa na gani. Na tambayi limaminmu, ya ce in yi wa Alhaji addu'a kawai, ilimin rai na Allah ne. Ni ma ban ce Alhaji ya zama dabba ba, Allah Ya tsare ni da faɗin haka. Abin da na gani da abin da na ji kawai na faɗa.

Sai ranar addu'ar bakwai Hajiya ta kira ni gefe. Ta ce a safiyar Lahadin nan da na je dajin, yana cikin barci, wata nas ta shigo ɗakin ta tsaya tana shinshina, ta leƙa banɗaki, ta leƙa ƙarƙashin gado, sannan ta tambaye ta wa ya shigo da dabba. Har yanzu da nake rubuta wannan tsigar jikina tashi take.

Don haka 'yan'uwa, mai sha'awar farautar nan ya nemi wanda ya sani ya bi shi sau da ƙafa, kada ya shiga daji shi kaɗai kamar yadda na yi. In kuma kana da mara lafiya a kwance, ka je yau, ka zauna, ka bar shi ya fara magana. Ba ka san inda ya je ya dawo ba. Allah Ya jiƙan Alhaji Isufu.