Kwalin Malam Isyaku a Surau

Shekarar da hayaƙi ya lulluɓe Kuala Lumpur, har muka riƙa yawo da ƙyalle a hanci, ita ce shekarar da Allah ya karɓi ran Malam Isyaku. Ku da kuka zauna da mu a Wangsa Maju kun san shi, kun kuma san bironsa. Ba rubutu yake yi da shi ba. Zira shi yake yi a ramin kaset ya ɗaga sama yana wulwulawa, don kada mayar da kaset baya ya cinye masa batir. A bas yana yi, a jirgi yana yi, har a wurin mamak, masu shayin nan Indiyawa, hannu ɗaya na yagar gurasar roti, ɗaya na juya kaset. Dattijo ke nan da ya haura hamsin, malamin lissafi, wanda ba a raba shi da sahun farko.

Da yawanku kun ɗauka karatu yake saurare. Ni na san ba haka ba ne, kuma wannan sanin ne ya hana ni sakat har kwana uku bayan mun binne shi.

Abin da yake ji shi ne wata tsohuwar ƙungiyar makaɗan Turawa, masu gashi har kafaɗa, masu jita da ganguna, waɗanda ya fara ji tun yana ɗalibi a Zariya. Kuma ba kowane kiɗansu ba. Sai wanda aka ɗauka a filin wasa, da ihun jama'a da tari da komai. In aka kawo masa kaset, sai ya ji wa ya ɗauka, a wane gari, daga hannun wa aka kwafa. Na taɓa ce masa da hadisi ya ba irin wannan kulawa, da tuni ya buɗe makaranta. Ya ce, "Alaramma, riƙe isnadinka, ka bar ni da nawa."

Alaramma yake ce mini don tsokana, saboda ina koyar da yaranmu karatu da yamma. Kuma ta nan ya jawo ni cikin lamarin. Samarin nan 'yan kwaleji sun dame shi da aro, in sun ɗauka ba sa dawowa da shi. Rannan sai ga shi da kwali guda, wai in rubuta masa sunan kowane kaset da ajami. Na ƙi. Na ce ba zan sa haruffan da na koya a gaban malamina a jikin kiɗa ba. Ya tambaye ni da me kakana ya rubuta wasiƙar cinikin gyaɗa. Da ajamin ne kuwa. Na zauna da tawada na rubuta su tas, da hannuna mafi kyau: wanda aka yi ruwa, wanda mai ganga ya yi fushi, wanda tsirkiya ta tsinke. Dabarar kuwa ta ci. Saurayi zai ɗauki kaset, ya ga rubutu, ya goge hannu a wando, ya ajiye shi a hankali. Malam yana gefe yana dariya har da hawaye.

Abokin gardamarsa wani ɗan Sin ne, Ankul Tan, mai kedai, wato shago, na tsofaffin faya-fayai a Setapak. A shekarun nan aka sake fitar da wani shahararren wasan ƙungiyar a faifan sidi, an wanke shi fes. Ankul Tan ya ce duniya ba ta taɓa jin irinsa ba. Malam ya ce ƙarya ce aka sayar wa mutane. A wancan wasan, in ji shi, tsirkiyar jita ta tsinke ana tsakiyar waƙa, makaɗin ya ƙarasa da sauran, kuma wannan ƙarasawar ita ce wasan. Masu sidi sun yanke wurin sun liƙa na washegari. Ankul Tan ya ce babu wannan magana, ya karanta duk abin da aka rubuta. Suka yi yarjejeniya: ya ba Malam sidin kyauta, shi kuma Malam zai kwafo masa kaset ɗinsa ya ji da kunnensa.

Malam ya karɓi sidi. Kwafi kuwa, shekara huɗu! Yau ya ce kaset ɗin da ake sayarwa yanzu ba su da ƙwari, gobe ya ce duk kwafi yana rage wa na asali kwana. Duk Asabar Ankul Tan zai tambaya, duk Asabar Malam zai ce "boleh, boleh," wato za a yi, ya sha shayin mutumin ya tafi.

A asibiti, kwana biyu kafin ya cika, ya riƙe mini hannun riga. Ya ce, "Alaramma, alkawari na yi wa mutumin nan. Kada ka kwafa. Ka kai masa na asalin, wanda tsirkiya ta tsinke." Na ce in Allah ya yarda.

To, bayan jana'iza, ina can ina zirga-zirgar takardu, Hajiya Rabi matarsa tana cikin ɗaki da 'yan gaisuwa, sai Alhaji Sani, babbanmu a unguwa, ya zo taya kwashe kaya. Ya ga kwali cike da rubutun ajami. Bai tsaya karantawa ba. An ce har alwala ya sake kafin ya ɗauka. Ya kai shi surau, ƙaramin masallacin da ke ƙasan benenmu, ya ce sadaka ce mai gudana ga mamaci. Da murna ya ba ni labari, ya ƙara da cewa ladan ya ce zai sa ɗaya a lasifika ranar Alhamis kafin magariba.

Ranar Litinin ce. Na zauna ina lissafi. In na yi shiru, ranar Alhamis duk benaye za su ji ihun Turawa daga masallaci da sunan Malam Isyaku. In na faɗa wa Alhaji Sani, na tona asirin mamaci, kuma rubutun nawa ne. Ƙarya ba zan yi ba, balle sata a masallaci. Ga wasiyya a wuyana. Kwana uku ina salla a surau ɗin, idona na kan kabad ɗin da aka ajiye kwalin. Duk lokacin da ladan ya taɓa lasifika ya yi ƙara, sai in waiga in ga ko kaset ya sa. Rannan na sa yara su biya, na manta surar da muke kai.

Ranar Alhamis bayan la'asar na tsaya har kowa ya fita. Ladan ɗin tsoho ne Bamale, ɗan ƙasar, Pak Cik muke ce masa. Na roƙe shi kaset ɗaya daga kwalin. Ya ce abin da aka ba masallaci ba ya fita sai kwamiti ya zauna. Na ce to ya yi mini haƙuri, akwai maganar da zan faɗa, amma ta tsaya tsakaninmu da Allah. Na faɗa masa komai, kaina a sunkuye.

Ya saurare ni har ƙarshe. Sannan ya zauna daɓas a kan darduma ya yi hamdala. Ashe tun Litinin ya sani. Ba ya sa komai a lasifika sai ya fara ji a ƙaramar rediyonsa. Haruffan yana iya haɗa su, don da irinsu suke rubuta nasu harshen, amma bai gane abin da suke cewa ba, sai da ganguna suka fashe masa a kunne. Ya ɗauka mu 'yan Najeriya ba mu sani ba, shi kaɗai ya gano sirrin bawan Allah. Kwana uku yana kulle kabad, yana fargabar kada wani cikinmu ya nemi aron wa'azi. Ya ce da ya ga ina ta kallon kabad ɗin, ni ya fi tsoro.

"Ɗauke shi duka," ya ce. "Mutumin kirki ne. Shi ke jera mana takalma gefe duk asuba."

Ranar Asabar na shiga bas zuwa Setapak. Ankul Tan ya riga ya ji rasuwar. Da na miƙa masa kaset ɗin, hannu biyu ya sa ya karɓa. Ya rufe ƙofar kedai, ya sa shi. Ni ba mai jin kiɗa ba ne, amma na tsaya, don wasiyya ba ta cika sai na ga ta isa. Can sai aka ji wani ƙas, jitar ta yi shiru kamar numfashi guda, ta dawo da wata murya daban, jama'a suka kaure da ihu. Ankul Tan ya kashe rediyon, ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa.

"Shi ke da gaskiya," ya ce. "Shekara huɗu ina tanadin abin da zan ce masa. Yanzu wa zan faɗa wa ya ci?"

Na ce na ji, kuma zan tsaya shaida cewa alkawari ya cika.

Allah ka ga bawanka Isyaku. Ya jinkirta, amma bai tafi da hakkin kowa ba. Ka rufa masa asiri a can kamar yadda ka sa bayinka suka rufa masa a nan, ka yafe masa, ka yafe mana.