Tsohon Direban Injin Kuza

A bakin kududdufin kuza na Dorowa, wani dattijo yana tsaye gaban tsohon injin haƙa, irin mai dogon wuyan nan da ke jan guga da igiyar ƙarfe. Gajere ne, ba shi da yatsu biyu a hannun hagu, kakin aikinsa ya sha wanki har ya koɗe. Da gani, a kujerar injin nan ya ƙare ƙuruciyarsa.

Tun safe yake ta fara'a, yana nuna wa baƙin da suka zo da tirela yadda ake kwance kowane noti, don sun ce masa gidan tarihi za a kai injin. Sai ga wani daga cikinsu yana sauke tukwanen gas na yankan ƙarfe.

"Ɗana, waɗannan fa na mene ne?" in ji dattijon.

"Haba Baba, ai ba a narka ƙarfe a dunƙule," in ji mutumin, yana dariya.

Dattijon ya juya ya dubi Dalyop, ɗan ƙanensa da ya kawo baƙin. Dalyop ya sunkuyar da kai.

"Dalyop, da ka nemo wani ya nuna musu, ba ni ba."