Shirun Filibus Mai Walda

Duk wanda mashin ya taɓa mutuwa a hannunsa a Kaura Namoda ya san rumfar Filibus, can bayan tashar jirgin ƙasa, inda ƙasa ta yi baƙi ƙirin da man inji na shekara talatin. Mahaifinsa mutumin kudancin Kaduna ne, aikin reluwe ya kawo shi. Tsohon ya rasu, 'yan'uwa suka tattara suka koma gida, Filibus ya ce shi ba inda za shi, nan aka yanke masa cibiya. In ya buɗe baki sai ka rantse daga ƙauyen Banga ya fito.

To, buɗe bakin ne aiki. Mutum ne mai rowar magana. Sai ka zuba masa bayani har yawunka ya bushe, ya ba ka "to" guda ɗaya, ita ma da ƙyar. Katolika ne irin na da. Ba ya fashin Misa, benci na uku yake zama a ɗan cocinsu, ba ya waƙa domin ya san irin muryar da Allah ya ba shi, rosari kuwa, carbin addu'arsa, yana aljihun rigar aikinsa har 'ya'yansa sun sha baƙin mai. Direbobin tasha suna tsokanarsa da "Liman", ranar Juma'a kuma shi suke bar wa tsaron mashinansu su tafi masallaci.

Ɗa ɗaya Allah ya ba shi da matarsa Ladidi, sunansa Barnabas, ɗan kabu-kabu. Ranar da Barnabas ya mallaki mashin nasa na kansa, uban ya cire kushin, ya ɗauki sandar walda ya ɗiga ɗan gicciye a jikin ƙarfen da ke ƙasa, bai kai tsawon yatsa ba, a wurin da ido ba ya kaiwa. Mutum uku ne suka san da shi: uba, uwa da ɗa. Da kakar bara waccan Barnabas ya kai wata mata Dauran, a hanyar dawowa 'yan bindiga suka tare shi. Gawarsa aka kawo a bayan a-kori-kura. Mashin kuwa ba wanda ya sake jin labarinsa.

Garin da ya binne samari da yawa irin wannan, zuciyarsa takan ƙeƙashe. Matasa suka tashi suka yi sa-kai, kuma ba mai ganin laifin wanda ya tsare ƙofar gidansu. Sai dai abin ya kai ga kalma ɗaya tana isa a kashe mutum. A nuna ka a ce infoma, shi ke nan. Filibus ya gani da idonsa. Wani tela ne aka jawo daga kan kekensa da rana tsaka, kafin la'asar an gama da shi a bayan tasha, mutane suna tsaye suna shan rake. Bayan mako biyu aka gane ba shi ake nema ba. Ko mutum ɗaya daga cikin masu kallon nan bai taka ya je ya ba matarsa haƙuri ba, amma kowa ya ci gaba da zuwa wurin ibadarsa da wankakkiyar riga.

A mako na biyu na azumin Kirista, ranar kasuwa, Maccido ya turo mashin rumfar Filibus. Manomi ne daga ƙauyukan Banga, mai kawo dawa kasuwa, mai surutu kamar rediyo, kuma tsohon mai kawo gyara ne tun yana hawan keke. Ya ce wuta ce take ɗaukewa. Filibus ya kwance kushin don ya bi waya. An sake fentin tanki, an cire lamba, an canja madubi, amma gicciyen yana nan yadda ya ɗiga shi.

Ya daɗe a durƙushe. Sifana tana hannunsa, ya ji nauyinta yadda bai taɓa ji ba, ƙeyar Maccido kuma tana kusa, domin ya sunkuyo yana leƙen aikin.

"Ina kas samu wanga mashin?" in ji Filibus.

"Shinkahi nis saye shi, ga wani yaro. Mi ya hwaru, ba shi da kyau?"

"Wane yaro?"

"Wallahi ban san sunanai ba. Kai ma ka san sha'anin kasuwa."

Amsar ke nan da mai gaskiya zai bayar, ita ce kuma maƙaryaci zai bayar. Mashin ɗin sata yakan bi hannu uku ko huɗu kafin ya zauna. Filibus ya haɗa waya, ya mai da kushin, Maccido ya tayar ya tafi yana ɗaga hannu.

Kuskure ɗaya ya yi, kuma kowane miji zai yi shi. Da ya koma gida Ladidi ta ajiye masa tuwo, ta ga bai taɓa ba, ta tambaye shi, sai ya ce, "Na ga mashin ɗin Barnabas yau."

Ta zauna a ƙasa inda take tsaye. "Ga wa?"

"Ba ni hwaɗi."

"Ɗanka na hwa. Ɗanmu."

"Na sani. In nih hwaɗi, kahin gobe war haka an kashe mutun. Ni ko ban san ko shi na ba."

Ladidi ba muguwa ba ce, kar wani ya ɗauka haka. Uwa ce da aka kawo mata ɗanta a naɗe cikin tabarmar wani. Kukanta ta kai wurin matan da take addu'a da su duk Laraba, can kuwa ta faɗa hannun Agines.

Ita Agines, shugabar matan, ta ƙware a sanin aljanu. Mage ta yi kuka a kan katanga, ta san wanda ya aiko ta. Yaro ya yi zazzaɓi, ta san maƙwabciyar da ta kalle shi. Shekara nawa Fada, limamin cocinsu, yana hana ta wannan sana'a, ta ce shi yaro ne, littafi kawai ya sani. Tana jin labarin ta yanke hukunci: ba uban da zai ga kayan ɗansa ya yi shiru da hankalinsa, an ɗaure wa Filibus baki ne, mugun ruhu ne ya zauna masa a harshe.

Ranar Alhamis sai ga su a rumfa su shida, da gorar ruwan albarka da gishiri a ƙullin leda. Suka kewaye shi a gaban masu jiran gyara, suka yayyafa masa ruwa a fuska, suka barbaɗa gishiri a bakin rumfa, suka kira sunan Mika'ilu shugaban mala'iku ya zo ya kwance harshen bawan Allah. Agines ta dafa kansa tana cewa, "Hita, kai mai ɗaure baki. Bar shi shi hwaɗi sunan."

Wannan abin haushi da me ya yi kama? Ruwan da aka tsarkake don korar Shaiɗan, shi aka ɗauko ana yi wa Shaiɗan aiki da shi. Mutum yana riƙe da ƙofa da duk ƙarfinsa kar mugun ya shigo, 'yan'uwansa na coci suka zo da waƙa suna ɓamɓare masa yatsu. Da suka gama Filibus ya share fuska da tsumman aiki, ya koma kan kaburetan da ya bari.

Abin da ba su sani ba shi ne, lallai akwai mai yi masa magana, sai dai ba shiru yake sa shi ba. Kullum yana nan, kuma bai taɓa zuwa da ƙaho ko jan ido ba. Da muryar hankali yake zuwa. Yakan ce, ai ba kai za ka kashe shi ba, suna kawai za ka faɗa. Yakan ce, in shi ne fa, gobe ya kashe ɗan wani, alhakin a wuyan wa? Ranar da ya fi mugunta kuwa da muryar Barnabas yake zuwa, ya ce, Baba, ashe ban kai a yi magana saboda ni ba? A irin wannan lokaci Filibus yakan ajiye sifana nesa da shi, ya sa hannu a aljihu ya kama rosari, ya ja har muryar ta lafa.

Da Fada ya zo daga Gusau, Filibus ya shiga ikirari ya zazzage komai, har da ƙeyar Maccido da nauyin sifana. Fada ya ce, "Jin muryar ba zunubi ba ne, Baba. Amsa mata ne zunubi. Ka san tabbas shi ya kashe?"

"Ban sani ba."

"Akwai inda za ka kai maganar a bincika, ba tare da ta fita ba?"

Filibus ya ce duk inda ya kai ta, kafin azahar ta riga shi isa tasha. Fada bai musa ba. Ya ce ba shi da wata dabara da zai ba shi, sai dai kar ya yi ƙarya, kar kuma ya ba da jinin da bai tabbatar ba. Ya sa masa albarka ya sallame shi da kayansa a ka.

Da ruwa da gishiri suka ƙi ci, sai Agines ta raka Ladidi wurin Ado, shugaban 'yan sa-kai na unguwar. Ladidi ta faɗa masa sirrin da ke ƙarƙashin kushin. Ado ya aiko wa Filibus da saƙo cikin ladabi, cewa ranar kasuwa mai zuwa za su zo su duba duk mashin da ya tsaya a rumfarsa, ba sai ya wahalar da bakinsa ba.

Ranar ta faɗo cikin Mako Mai Tsarki, makon ƙarshe na azumin. Filibus ya yi ta roƙon Allah kar Maccido ya zo. Da hantsi sai ga shi, baki har kunne, ya ce kariya ce, ƙarfen ɗora kaya, take girgiza in ya ɗora buhu, a ɗan ɗiga mata walda.

Filibus ya cire kushin. Ya dubi gicciyen. Rigunan Barnabas an rabar, wayarsa ta tafi da waɗanda suka kashe shi, kabarinsa ma damina ta fara shafe shi. Wannan ɗan ƙarfe ne kaɗai ya rage da zai iya kai shi ga gaskiya wata rana. Ya sani sarai in ya taɓa shi, ya rufe wannan hanya da hannunsa har abada, kuma mai yiwuwa wanda ya harbe ɗansa yake ceta. Muryar ta faɗa masa haka, kuma a wannan karon ba ƙarya ta yi ba.

Ya ja gilashin walda ya rufe ido, ya ɗora sanda a kan gicciyen. Ya narka shi, ya ƙara ƙarfe, ya sake ƙarawa, har wurin ya zama wani mummunan ƙulli kamar kashin kaza. Ya haɗa shi da ƙafar kariya don ya zama aiki, ya shafe da baƙin mai.

Ƙarfen bai gama hucewa ba su Ado suka iso su huɗu da bindigoginsu, Ladidi da Agines a baya. Mashin biyar ne a rumfar. Suka bi su ɗaya bayan ɗaya. Da suka zo kan na Maccido, Ado ya leƙa, ya shafa ƙullin da yatsa, ya dubi Filibus.

"Baba, wanga hwa?"

"Aikina na. Yanzu niy yi shi."

Ado ya ɗaga kafaɗa ya wuce na gaba. Agines ta yi tsaki ta ce aljanin ya fi ƙarfin unguwa. Maccido, wanda bai san abin da ake nema ba, ya leƙo ya ga ƙullin, ransa ya ɓaci.

"Haba Hilibus, wanga wace irin walda ta? Tsuhwa ya kama ka. Ko makaho ya hi haka."

Ladidi ce kaɗai ba ta motsa ba. Shekara ashirin da bakwai tana kawo abinci rumfar nan, ba ta taɓa ganin mijinta ya yi walda mai muni ba. Ta dubi ƙullin, ta dubi Maccido tun daga hula har takalmi, ta dubi mijinta. Ado yana taku uku daga inda take, kalma ɗaya ta ishe ta. Filibus bai roƙe ta ba, ko da ido. Ta gyara ɗankwali ta juya ta kama hanyar gida.

Maccido yana nan da ransa, ya aurar da 'ya'ya mata biyu tun daga lokacin. Ya daina kawo gyara wurin Filibus, kuma duk inda ya zauna sai ya ba da labarin tsohon da hannunsa ya lalace. Agines har gobe tana sa sunan Filibus cikin waɗanda ake yi wa addu'ar kwance ɗauri, a gaban jama'a, da babbar murya. Shi kuwa har yau bai san ko mai laifi ya ceta ko marar laifi ba, muryar nan kuma ba ta yi ritaya ba, duk ranar kasuwa sai ta zo.

Ladidi ba ta yi yaji ba, ba ta kuma sake tayar da maganar ba. Tana dafa masa abinci, tana wanke masa rigar aiki, ranar Lahadi su jera zuwa Misa. Abu ɗaya ne ya canja. Tun ranar da ta haihu take kiransa Baban Barnabas. Da yammacin ranar nan ta ajiye masa kwano ta ce, "Malam Hilibus, ga tuwo." Da wannan sunan take kiransa har yanzu, shi kuma yana amsawa.