Dutse na Bakwai da Ban Kai Ba

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a aka rufe shagon gem, wato wasan bidiyo, da muke zuwa a Gwarzo, alhali saura dodo ɗaya in gama wasan jarumi mai takobi. Da wannan haushin aka tura ni hutu Getso, wurin kakata Iya. Kananzir ya yi tsada, fitila sai an yi baƙo, don haka karan dawa take hurawa a tsakar gida, mu jikoki mu kewaye ta tana yi mana tatsuniya.

Ranar farko ko rabi ba ta kai ba na ja tsaki. "Iya, tatsuniyarki ta jarirai ce, kullum na kirki ke yin nasara. A gem, in ka zaɓi mai wuya, kuskure ɗaya ka mutu."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Au, maigidan nawa mai wuya yake so? To gyara zama. Ga ta nan, amma kai ne a ciki."

Wai ni maharbi ne, aljanu sun sace ruwan garinmu sun toshe a tulu, can bayan duwatsu bakwai. Kibiyata uku, guzurina dunƙulen fura ɗaya. Sai ta tsaya. "Ga tsohuwa a bakin hanya tana roƙon fura. Ya za ka yi?" Na ce na ba ta. "Yunwa ta kashe ka a dutse na biyu. Ƙurunƙus." Washegari na hana ta. "Ita ce mai nuna hanya. Ka ɓace, kura ta cinye ka." Haba! Sai a karo na uku na gane raba furar ake yi. Kuma duk mutuwa daga farko ake sakewa, ba ci gaba daga inda aka tsaya, ba sassauci. Yara na ta ƙyaƙyata dariya, ina huci kamar kububuwa, ita ko a jikinta. Wallahi tsohuwar nan akwai mugunta.

Hutu uku muna wannan dambe. Na kai dutse na shida a hutun da ciwo ya kwantar da ita. Ran nan ta sa aka kira ni ɗakinta, muryarta ƙasa-ƙasa. "Maigida, zo in faɗa maka ƙarshen kawai."

Ni ɗan banza sai na miƙe tsaye. "Ba na son sadaka! Ki warke, da kaina zan kai."

"To," in ji ta. "Allah ya kai mu."

Kafin hutu ya zagayo Allah ya yi mata rasuwa.

Yanzu ina da iyali, da gem ɗina a falo, kuma har yau ban taɓa zaɓar mai sauƙi ba. Watan jiya wani dodon wuta ya yi ta kashe ni har na yi jifa da abin dannawa. Da na kayar da shi, maimakon murna sai baƙin ciki ya tokare ni.

Na daɗe ina yi wa mutane alfahari wai Iya juriya ta koya mini. Ƙarya nake. Na tambayi jikokinta kaf, ba wanda ya san abin da ke bayan dutse na bakwai, don ni kaɗai ta ƙaga wa labarin. Ranar nan ba tausayina take ji ba. Ta san lokacinta ya ƙure, so take ta damƙa abinta a hannun wani. Gem ko sau dubu ka mutu, yana nan yana jiranka. Tsohuwa na kan gadon mutuwa ta roƙe ni in zauna in saurare ta, ni kuma na tsaya a kanta ina kiran abin sadaka.