Tankin da Yaya ya ɗora a ɗakin Mma

Ni dai ban taɓa cewa ni injiniya ce ba. Lissafi nake koya wa yara a Bawku, kuma na san lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne. Wannan ɗan sanin shi ya jawo mini baƙin jini a gidanmu na Salaga.

Bayan rasuwar mahaifiyarmu, wadda muke kira Mma, an rushe ɗakunan ƙasa an yi na bulo, sai nata kaɗai aka bari. Tasoshinta na jere yadda ta bar su, kuma jikin bangon bai daina ƙanshin goron da take sayarwa ba. In na zo hutu a nan nake kwana, don babu inda nake jin ta kamar can.

Wani rani da rijiyar gidan ta ƙafe, babban wanmu, Yaya, ya sayo tankin roba mai cin lita dubu biyu. Na iso na tarar an yaye kwanon ɗakin Mma ta gefe guda, an gitta katakai a kan bango, za a ɗora tankin don ruwa ya sauko da ƙarfi. Na ce masa in tankin nan ya cika, daidai yake da buhun siminti arba'in, kuma ginin ƙasa in ya jiƙa ba ya ɗaukar ko rabin haka. Na roƙe shi a yi ginshiƙai na siminti a tsakar gida.

Matsalar ita ce a gaban magini da maƙwabta na yi maganar, kuma a gidanmu ƙanwa ba ta gyara wa wanta zance a gaban mutane. Ya yi dariya, ya ɗaga fankon tankin da hannu ɗaya.

"Malama, ga buhunan naki arba'in," in ji shi.

Kowa ya kwashe da dariya. Wallahi har yau in na tuna sai zuciyata ta tafasa. Gwaggonmu ta Yendi ta ja ni gefe, ta ce boko ya ɗebe mini kunya, in yi shiru. Na yi shirun, na hau mota na koma Bawku.

Da damina ta kankama, bututun tankin yana ɗiga a kan bango, ruwan sama yana dukansa, tanki kuma cike. Wata safiya ɗakin ya zauna gaba ɗaya. Allah ya tsare ba kowa a ciki. Tasoshin Mma sun lotse a cikin laka, ƙanshin goron ya bi ruwa.

Yaya ne ya kira ni da kansa. Na ɗauka ta'aziyyar ɗakin zai yi mini.

"To, hankalinki ya kwanta? Bakinki ya kama ɗakin uwarki."

Yanzu tankin yana kan ginshiƙan siminti a tsakar gida, daidai inda na nuna. Gwaggo kuma har yau aike take yi mini, wai in zo in ba Yaya haƙuri.