Barewar da ke Cikin Harami

Bukkarmu tana kusa da Arfa, daf da ginshiƙan da ke nuna iyakar Harami. Baba mai gawayi ne. Yakan hau duwatsun hanyar Ɗa'ifa ya yi kwanaki a dajin ar'ar, itacen nan mai ƙamshi da ganyensa ba ya kaɗewa, ya sauko da buhuna ya kai unguwar Hindawiyya a Makka. Ni ce 'yar fari, ba ni da ƙane namiji, sai aka ɗora mini riƙon jaki. Ba wanda ya tambaye ni ko ina so.

Farkon hawana dajin, hayaniya ce ta hana ni sakewa. Birai na zagin juna a kan duwatsu, makwarwa na tashi daga ƙarƙashin ƙafarka, can cikin kwazazzabo kuma damisa na tari kamar tsoho. Daga baya aka fara fasa dutse don sabuwar hanyar mota. Masu bindiga suka samu hanyar hawa, mu ma da gatarinmu ba mu bar dajin ya huta ba, gaskiya ɗaya ce. A hawana na ƙarshe, itatuwan da suka rage sun bushe a tsaye, fari fat. Ba tsuntsu, ba biri. Numfashin jakinmu kawai nake ji. Baba ya riƙa yi mini magana da raɗa, alhali ba kowa a wurin, abin ya ba ni tsoro ƙwarai.

A shekarar ruwa ya ƙi sauka. Inna ta haihu, mace, nono ya ƙi zuwa. Akuyarmu ta riga ta mutu. Jaririyar ta yi ta kuka har muryarta ta siranta, ta koma buɗe baki kawai. Tsohuwar da ta karɓi haihuwar, wadda ta zo Makka ta hanyar Chadi tun kafin a haife ni, ta duba Inna ta juyo wurin Baba.

"Malam, jikinta ba komai a ciki. Romon nama take so. In ba haka ba, halas, shi ke nan, yarinyar ba za ta kai ba."

Nama kuwa sai lokacin Hajji muke ganinsa, ga shi da sauran watanni.

A kwanakin nan ne na ga barewar. Na je ɗiban ruwa da hantsi, na hango ta tsaye ƙarƙashin wata ƙaya, cikin Harami, ba nisa da ginshiƙi. Na daɗe rabona da ganin barewa. Ba ta gudu ba. Ta zuba mini ido kamar ta san ni. Na ruga na gaya wa Baba, ya zo ya tsaya ya daɗe yana kallonta.

"Baba, in zagaya ta baya in koro ta waje?"

"Kul. Abin da ke cikin Harami ba a kashe shi, ba a kama shi, ba a ma firgita shi."

Ita ma kamar ta san haka. Takan yi kiwo har bakin ginshiƙi, ta ɗaga kai ta dube mu, ta juya. Haushinta ya cika ni, na riƙa zaginta a zuci.

Baba bai kore ta ba. Abin da ya yi shi ne ya ce in ɗauko tasar Inna in cika ta da ruwan shanmu, in ajiye a waje da iyaka. Ya binne tarkon igiya a gefen tasar, ya koma bayan dutse ya zauna da carbinsa. Ban taɓa tambayarsa ko wannan ya halatta ba, shi ma ban ji ya tambayi kowa ba. Ranar farko ta tsaya daga ciki tana shinshina iska. Kashegari, da rana ta take, ta tsallako.

Da Baba ya yanka ta ya juya ta zai feɗe, sai ya tsaya cak. Hantsarta cike take. Nono na ɗiga a kan yashi.

"Subhanallahi," ya ce a hankali.

Inna ta sha romo, ta ci abin da za ta iya. Tsohuwa ta matsa mata ƙirji, ba ko ɗigo.

Bayan la'asar muka fara jin wani kuka. Daga cikin Harami yake fitowa, siriri, ya tsaya, ya sake. Da ban san ƙanwata na kwance gabana ba, da na rantse ita ce aka kai can aka yar. Na miƙe zan tafi.

"Zauna, ya binti, 'yata," in ji Baba. "Ɗan barewar ne, kuma na Harami ne. Ba mu da ikon taɓa shi."

Kukan ya sake tashi. Inna, wadda ke jingine da bango idonta rufe, ta zabura ta dafe ƙirji. Gaban rigarta ya jiƙe sharkaf. Tsohuwa ta yi maza ta miƙa mata jaririyar, ta kama, muka ji tana haɗiya.

Haka aka yi ta yi. Duk lokacin da ɗan barewar ya yi kuka, nono sai ya sauko wa Inna, ta shayar tana hawaye. Kullum muryarsa na raguwa, ta ƙanwata na ƙaruwa. Na roƙi Baba ko ruwa in kai masa, ya yarda. Na shiga na duba ƙarƙashin kowace ƙaya, ban gan shi ba. In ina nan, kukan na can, in na je can, ya dawo bayana. Na ajiye ruwan na gudo.

Wata safiya ba mu ji shi ba. Inna ta zauna da jaririya a cinya, ta karkata kai wajen iyaka tana jira. Nonon ya zo da kansa, ƙanwata ta sha ta ƙoshi ta yi barci. Inna ba ta daina saurare ba.